Na'urar busar da abinci ta Excalibur mai faranti 9: yadda take aiki wajen yi wa kare busasshen nama

Mai kare ɗaya wanda ke ba shi ɗan abin taɓawa jifa-jifa ba ya bukatar wannan na'ura, obin ɗin gida ya ishe shi. Amma mai karnukan gadi uku ko huɗu, da mai horar da karnuka, da mai kiwonsu don sayarwa, da wuya su sami abin da ya fi Excalibur 3926TB busar da hanta da huhu da dankali daidai wa daida. Sharaɗi ɗaya ne, kuma shi ne abin da masu saye suka fi yin sakaci da shi: busarwa take yi, ba ta dafawa. Duk naman da zai shiga cikinta sai ya bi ta wuta tukuna.

Kamfanin Excalibur na birnin Sakaramento a jihar Kalifoniya ta Amurka ya fara ƙera irin waɗannan na'urori tun 1973, kuma fasalinsu bai sauya sosai ba. Akwati ne na baƙar roba mai ƙwari, nauyinsa kusan kilo 10. Farantai 9 ne ke shiga ta gaba, kowanne faɗinsa da tsawonsa kusan santimita 38, da raga mai laushi a kansa wadda ake cirewa a wanke. Fanka mai inci 7 da abin dumama iska mai ƙarfin wat 600 suna bangon baya. A sama akwai maɓallai biyu na murɗawa, ɗaya na zafi daga digiri 41 zuwa 74 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya na lokaci har awa 26.

Zaman fanka a baya shi ne abin da ake biyan kuɗi dominsa. A na'urori masu da'ira da ake jera farantansu bisa juna, iska na bi daga ƙasa zuwa sama ko daga sama zuwa ƙasa, sai farantin da ke kusa da fanka ya bushe, na nesa yana nan ɗanye, dole a yi ta sauya musu wuri. Waɗanda fankarsu ke ƙasa kuwa, ruwan nama da kitse na ɗiga kai tsaye kan abin dumama iska. A Excalibur iska na ratsa kowane faranti a kwance daga baya zuwa gaba, don haka na sama da na ƙasa kusan tare suke gamawa. Gefen da ke kusa da fanka yakan ɗan riga na bakin ƙofa, shi ya sa idan aiki ya yi rabi ake jawo faranti a juya gabansa ya koma baya. Sau ɗaya ya isa. Kuma da yake farantan jawowa ake yi, ana iya cire na tsakani a bar wuri ga abu mai kauri kamar maƙogwaron sa ko kunnen saniya. Kowane faranti na ɗaukar kusan rabin kilo na yankakken nama ba tare da yanka ya hau kan yanka ba, wato cikin na'ura guda ya kai kilo 4.

Dalilin da ya sa mutane da yawa a Amurka suka koma yi wa karnukansu busasshen nama da kansu sananne ne. A 2007 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta fara karɓar koke kan busasshen naman kaza da na agwagwa da dankali da ake sayarwa a leda, akasarinsu daga Sin. Zuwa ƙarshen 2015 rahotannin sun shafi karnuka fiye da 6,200, kuma fiye da 1,140 sun mutu, da dama cikin waɗanda suka kamu ƙoda ce ta taɓu. A wajenmu dalilin ya fi sauƙi: na leda tsada gare shi, ba ka san tsawon zamansa a kanti ba, ga kayan ciki kuma na nan sabo kullum a wurin mahauta.

Batun dafawa kafin busarwa

Mutum ya ga an rubuta digiri 74 a kan maɓalli sai ya ɗauka naman ma zai kai haka. Ba ya kaiwa da wuri. Muddin ruwa na fita daga jikin nama, fitar tasa na sanyaya shi, sai naman ya yi awanni yana ƙasa da zafin iskar da ke kewaye da shi. Lokacin da zai ɗau zafi sosai ya riga ya bushe, ƙwayoyin cuta irin su salmonela kuwa sun fi jure zafi a busasshen wuri fiye da a jiƙaƙƙe. Wannan ne ya sa ma'aikatar noma ta Amurka ke ba da shawarar a fara kai cikin jan nama digiri 71, na kaza 74, kafin a sa a na'urar busarwa. Kare mai lafiya yakan ɗauki salmonela ba tare da ya nuna alama ba, amma yana zubar da ita a kashinsa, kuma hannun da ya ɗauko abin daga kwalba shi ne zai taɓa abincin yara.

Akwai abin da ya fi wannan kusa da mu. Hanta da huhun tumaki, awaki, shanu da raƙuma sukan ɗauki wani ƙululu mai ruwa a ciki, wanda 'ya'yan wata ƙaramar tsila ce ke zaune a cikinsa. Idan kare ya ci shi ɗanye, tsilar na girma a hanjinsa, ƙwanta na fita a kashinsa ya manne a gashinsa da ƙasar tsakar gida. Mutumin da ya haɗiyi ƙwan, a hantarsa ko huhunsa ƙululun ke tsirowa a hankali shekara da shekaru, wani lokaci sai an yi tiyata. Iska mai ɗumi ba abin dogaro ba ce wajen kashe wannan. Tafasa na minti 30 cur shi ke kashe shi. Don haka kowace hanta da kowane huhu a duba su a wurin mahauci. Mai ƙululu, ko mai fararen jijiyoyi masu kauri da tauri wanda alamar tsutsar hanta ce, a bar shi. Wanda ya yi kyau a ido ma a tafasa shi.

Hanta ita ce karnuka suka fi bi, kuma ita ce ta fi dacewa da horo saboda tana karyewa ƙanana. A sami kilo 1 na hantar saniya, a cire matsarmama da manyan jijiyoyi da fatar sama, a raba ta gida huɗu. A sa a ruwa zalla, ba gishiri ba magi ba albasa, a ƙirga minti 30 daga lokacin da ruwan ya tafaso. A tsame, ta huce, a sa a firji awa ɗaya don ta yi tauri, in ba haka ba marmashewa take yi a bakin wuƙa. A yanka kauri milimita 5, a goge danshi da tsumma mai tsabta, a jera da ɗan tazara. Digiri 68, awa 6 zuwa 8. Abin da zai fito gram 300 ne ko ƙasa da haka kaɗan. Ruwan tafasar ba a zubarwa, ana jiƙa wa kare abincinsa da shi a ranar.

Wanda ya zuba ɗanyar hanta a kan ragar zai sha wahala biyu: jini ya ɗiga ya bushe a ƙasan akwatin, hantar kuma ta kama raga ta shige ramukanta, sai an jiƙa an kankare. Dafaffiya ba ta yin haka.

Huhu ya fi araha, kitsensa kaɗan ne, kuma idan ya bushe ba shi da nauyi, yana da garas-garas, ya dace da tsohon kare da wanda ƙiba ta fara kamawa. Yana tasowa saman ruwa idan ana tafasa shi, sai a danne shi da murfin da ya fi tukunyar ƙanƙanta. Bayan minti 30 a matse ruwan da ya sha, a yanka kauri santimita 1, digiri 68, awa 8 zuwa 10. Kilo 1 na komawa wajen gram 200.

Ƙirjin kaza kuwa a cire fata da duk wani kitse, a sa a firiza awa ɗaya zuwa biyu ya ɗan daskare, a yanka sili-sili kauri milimita 5. In ana son ya daɗe a bakin kare a bi tsawon tsoka, in na ƙaramin kare ne a gitta ta. A turara shi ko a sa a ruwa mai tafasa har cikinsa ya yi fari fat, sannan digiri 68 zuwa 74, awa 5 zuwa 7. Wanda ya riga ya busar da ɗanye, hanyar gyara ita ce ya sa shi a obin mai zafin digiri 135 na minti 10 da zarar ya fito. Tafasawa tun farko ta fi tabbas.

Dankalin Hausa ba ya son zafin nama. A wanke, a yanka a tsaye kauri kusan santimita 1, a tsoma a tafasasshen ruwa minti 4 zuwa 5, a busar a digiri 55, awa 8 zuwa 12 gwargwadon yadda ake so, mai danƙo ko mai ƙwari. Idan aka murɗa maɓalli zuwa 70 don a yi sauri, bayansa zai yi ɓawo ya kulle ruwan da ke ciki. A hannu kamar ya bushe, bayan kwana huɗu fumfuna ta fito daga tsakiya. Saboda bambancin zafin nan ba a haɗa dankali da nama a zubi ɗaya. Rogo kada a sa shi cikin lissafi, ɗanyensa guba gare shi, haka ma dankalin Turawa da ya yi kore.

Maƙogwaron saniya abin tauna ne mai kyau, amma a kula da wani jan nama mai laushi da ke manne a gefensa ta wajen sama. Ƙullin da ke sarrafa sinadarin tayirod ne, dafawa da busarwa ba sa kashe ƙarfinsa. Karen da ke cinsa a kai a kai yakan rame duk da yana ci sosai, ya riƙa yawan shan ruwa da haki da rashin natsuwa. A fere shi tas kafin a tafasa.

Biskit ma na'urar ba ta gasa shi, amma tana ƙarasa shi yadda obin ba ya yi. Garin alkama gram 300, dafaffiyar kabewa da aka dama gram 200, ƙwai 2, niƙaƙƙiyar gyaɗa zalla cokali 2. A murza kauri milimita 6, a yanka, a gasa minti 25 a digiri 175, sannan a mayar cikin na'ura awa 3 zuwa 4 a digiri 57. Biskit ɗin da ya fito daga obin kawai yana da sauran laima a ciki, kwana kaɗan yake yi. Wanda aka ƙarasa haka yana kai makonni. Gyaɗar a tsince ta da kyau, a zubar da mai baƙi da wadda ta yamushe, don gubar fumfuna ta aflatoksin da ke kama gyaɗa da masara na lalata hantar kare da sauri, kuma zafi ba ya kawar da ita. In man gyaɗa na kwalba ne daga waje, a karanta jikinsa: in akwai zailitol, wani abin zaƙi da ake sawa maimakon sukari, ɗan kaɗan na iya kayar da sukarin jinin kare har ya faɗi.

Wani zai ce ai wannan kilishi ne kawai, me zai hana a sayo kilishi a ba shi? Labun kilishi na da albasa da gishiri da magi da barkono, sau da yawa har da tafarnuwa. Albasa da tafarnuwa na farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ne, dafaffu ne ko gari, kuma illar takan ɓoye kwanaki kafin a ga dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja. Tsire da balangu mai yaji duk hukuncinsu ɗaya. Inabi da zabibi na kashe ƙoda. Cakulan da goro na ɗauke da sinadaran da ke tayar da bugun zuciyar kare, jikinsa kuma ba ya fitar da su da wuri. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, tsagewa yake yi ya yi tsini, don haka ƙafa ko wuyan kazar da aka tafasa ba sa shiga wannan na'ura.

Wuta

Nan ne na'urar ta fi ba mai ita aiki a Najeriya da Nijar. Wadda ake sayarwa a Amurka ta wutar bolt 110 zuwa 120 ce. A jona ta kai tsaye a soket ɗinmu na 230, ta ƙone nan take. Akwai wadda aka yi wa ƙasashen Turai mai 220 zuwa 240, ita ya kamata a nema, kuma a duba lambar da ke manne a jikinta, kada a tsaya ga maganar mai shago. In ta Amurka ce ta riga ta zo hannu, sai da taransifoma mai rage wuta wanda bai gaza wat 1,000 ba. Ƙananan da ake sayarwa don caji ba sa ɗaukar abin da ke dumama iska awa takwas.

Cin wutarta bai kai yadda ake tsoro ba. Zubi ɗaya na awa 8 bai wuce yunit 5 a mita ba, yawanci ma ƙasa da haka don abin dumamar na kamawa yana saki. Matsalar ita ce tsayawar wutar. Batirin inbata guda mai 200Ah ba zai kai ta ko rabin aiki ba. Ƙaramin janareta na ɗaukarta da ƙyar in ba a haɗa masa komai ba. Mai sola ya kunna da ƙarfe 8 na safe, rana ta yi masa aikin, shi ya fi kowa morewa. Idan aka ɗauke wuta a awanni ukun farko, lokacin da naman ke da laima da ɗumi, kada ya wuce awa ɗaya a rufe a zafin garinmu. A kwashe zuwa firji ko a ƙarasa a obin a mafi ƙarancin zafinsa da ƙofa a ɗan buɗe. A nan maɓallan murɗawa sun fi na zamani masu allon lamba amfani, domin da wuta ta dawo na'urar na ci gaba da kanta.

Aibobinta ba ɓoyayyu ba ne. Ba ta da farantin tare ɗiga a ƙasa, kuma ba a tsoma akwatin a ruwa, sai a shimfiɗa takardar gashi a ƙasan kafin a fara. Ƙofar ba ta da maɗauri, rataya ta kawai ake yi, kuma baƙa ce, ba a ganin ciki sai an cire. Lambobin maɓallin zafi ba su da tsananin daidaito, zafin iskar na hawa yana sauka kewaye da abin da aka saita, don haka ma'aunin zafi na girki mai tsinke ya zama dole. Farantan sun fi yawancin wuraren wanke-wanke faɗi, a baho ake jiƙa su da ruwan ɗumi da sabulu. Fankar na da ƙara, warin hanta kuma na cika gida yana kama robar. A ajiye ta a baranda ko sito mai iska, a kan tebur mai tsayi inda kare ba ya kaiwa, a bar tazarar tafin hannu tsakanin bayanta da bango. Wanda zai busar da tumatir da kuɓewa da tattasai na gida a cikinta ya sayi raga daban ya ware. Kuɗinta ya fi na mai da'ira irin Nesco sosai.

Da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙarau a Kano ko Zinder, dafaffen huhu da aka yanka siriri na bushewa a rana cikin yini ɗaya in an rufe shi da raga saboda ƙuda da shirwa, kuma masu kilishi sun daɗe da nuna haka. Daga Yuni zuwa Satumba ne, da kuma garuruwa masu laima irin su Abuja, Kumasi da Yawunde, na'urar ke nuna amfaninta, domin a lokacin nama kan fara wari kafin rana ta gama da shi.

Gane bushewa ba a yinsa da zafi, don abu mai ɗumi kullum ya fi laushi. A ciro yanki mafi kauri ya huce minti 10. Hanta da huhu su karye ƙas, launin ciki ɗaya da na waje. Kaza ta lanƙwashe ta tsage, fararen zare su bayyana, ba danshi. Sai a zuba a kwalba mai murfi a bari kwana ɗaya: in gumi ya fito a jikin kwalbar, a mayar awa 2. Da yake babu gishiri ko wani abin hana lalacewa, ba ya daɗewa kamar kilishi. Mako ɗaya zuwa biyu a wuri mai sanyi da duhu, wata ɗaya a firji, wata uku zuwa shida a firiza. Kitse shi ke fara lalacewa, yana warin tsohon mai ko da naman ya bushe sarai, kuma yawansa na jawo wa kare amai da gudawa, shi ya sa ake fere shi tun farko. Wanda ya yi fumfuna ko a yanki ɗaya, duk kwalbar ake zubarwa.

Saura adadin da za a ba shi, don busasshen abu yana ruɗin ido. Ƙa'idar likitocin dabbobi ita ce abin taɓawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare ke bukata a yini. Karen gadi mai kilo 30 na bukatar wajen kalori 1,400, rabonsa ke nan 140, kimanin gram 35 na busasshiyar kaza. Karen gida mai kilo 15 rabonsa wajen kalori 85, gram 20 ke nan. Hanta tana da nata iyaka ƙasa da wannan, saboda bitamin A da sinadarin tagulla da ke cikinta taruwa suke yi a jiki, kuma busarwa ta ninka su sau uku a kowane gram. Gram 10 a yini ya ishi babban kare, gram 5 ga mai kilo 15, a farfasa su kamar ƙwayar wake don horo. Ɗan kwikwiyo da bai kai wata uku ba a jiƙa masa kafin a ba shi, kuma karen da ke da ciwon ƙoda ko na hanta a nuna wa likitan dabbobi jerin kayan kafin a fara.